Jerko Ya Yi Hagu

A Garmina ba a tambayar namiji inda za shi idan ya kwance kwale-kwale. Ba a yi masa fatan sa'a, ba a ɗaga masa hannu, kai ko kallonsa ma ba a yi. In kana zaune a kwata ka ji inji ya tashi, sai ka juya baya ka shiga duban igiyar takalminka har ƙarar ta yi nisa. Mace kuwa in ta yi suɓutar baki ta ce "a dawo lafiya", to ranar an fasa fita, kuma ta shiga uku a gida. Kowane mutum yana da poshtarsa, wato wani ɗan wuri a teku inda ubansa ya nuna masa kifi yana taruwa, kuma gara ka tambaye shi abin da ke tsakaninsa da matarsa da ka tambaye shi wannan wurin.

Wannan al'ada ce ta kashe mini miji, kuma ko a tsakiyar coci zan maimaita. Mijina Lovre ya fita da safe, zuciyarsa ta buga yana tsakiyar ruwa. Maza cike da kwata lokacin da ya tashi, kowa ya juya ƙeya. Da yamma ta yi bai dawo ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: da ya fita bakin tashar jiragen ruwa, hagu ya yi ko dama? Ba wanda ya gani. Wai ba a kallo. Sai bayan kwanaki wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsinci kwale-kwalen yana gantali, shi kuma yana kwance a ciki. Likita ya ce ya daɗe da rai kafin ya cika. Tun daga ranar ban ƙara gaida ɗayansu da zuciya ɗaya ba.

Abin da ya rage mini a duniya shi ne ƙanena Jerko. Direban bas ne da ya yi ritaya ya dawo tsibiri, bai taɓa aure ba saboda ba macen da za ta iya da shi. Yana da hawan jini, ƙwayoyinsa kuma suna cikin aljihun wata riga da ba ya sawa. Ba ma jituwa, tun muna yara haka muke, in na ce fari ya ce baƙi. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kullum da safe sai ya fita shi kaɗai a kwale-kwalensa mai rumfa ruwan ɗorawa, ni kuma kullum gabana yana faɗuwa, don na san wata rana zan sake bin maza a kwata ina tambayar hagu ko dama.

Ana haka sai ga Nives. Yarinya ce doguwa daga wata cibiyar binciken teku a can babban yanki, ta zo da jaka a baya da takalmin maza. Ta tara masu kwale-kwale a shagon kofi na bakin kwata, ni kuma na shiga ba tare da an gayyace ni ba, na zauna kusa da ƙofa.

Ta ce manyan jiragen kamun kifi ana sanin abin da suke kamawa, amma masu fita don nishaɗi ba wanda ya san yawansu, alhali su ma daga teku ɗaya suke ɗiba. Ta ce kyamara za ta kafa da za ta riƙa kallon bakin tasha, ta ƙirga kwale-kwalen da suka fita da tsawon lokacin da suka yi a waje. Wasu ranaku kuma za ta zo da ma'auni ta tambayi wanda ya yarda abin da ya kamo. In aka haɗa biyun, sai a yi kiyasin abin da ake fitarwa a shekara.

"Nishaɗi?" in ji Jerko. "Yarinya, ni na yi miki kama da mai nishaɗi?"

Aka fashe da dariya.

"Haka takardar izininku ta ce, Barba," in ji ta, don haka yara suke kiran kowane dattijo a nan. "Ba ni na rubuta ba."

"To in kun gama ƙirgawa sai me? Sai a ce mun yi yawa, a rufe mana teku, a bar wa masu manyan raga?"

"Ni ƙirgawa kawai aka aiko ni. Ba ruwana da sunan kowa, ba ruwana da inda kuke zuwa. Hoton ma dishi-dishi ne, ba a gane fuska."

Dinko, abokin Jerko tun suna tsirara a bakin ruwa, tsohon mai gyaran inji a manyan jirage, ya busa hayaƙin tabarsa ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Yarinyar ta ci gaba. Ta ce abin da take nema bango ne mai tsawo da ke fuskantar bakin tasha. Kowa ya san gidaje biyu ne kawai suke da irin wannan bango, na Dinko da nawa. Dinko ya ce gara ya rushe nasa. Sai na miƙe na ce, "Zo ki kafa a nawa. In kina da biyu ma ki kawo."

 Jerko ya juyo ya dube ni kamar ya ga maciji a tukunya.

"Yaya Perina, kin haukace?"

"Da sauƙi. Ku da ba ku da idanu, ga shi an kawo muku na aro."

Ranar aka kafa ta, wata 'yar aba fara a ƙarƙashin tagar ɗakina na sama. Nives ta ce gishirin iska yana rufe gilashin, tana buƙatar wanda zai riƙa gogewa. Ta sa mini wani abu a waya wanda in na taɓa sai in ga abin da kyamarar take gani, don in san lokacin da ta yi hazo. Ta kira ni Teta, wato inna, ta ce, "Teta Perina, don Allah wannan tsakanina da ke ne. Kada ki nuna wa kowa, kada ki yi maganar abin da kika gani." Na ce mata to. Gaskiyarta, ba a gane fuska, mutane kamar ƙudaje suke a ciki. Amma rumfa ruwan ɗorawa guda ɗaya ce a duk Garmina.

Ba su ɓata lokaci ba suka nuna mini kalarsu. A garin nan duk wanda ya yi kamu mai kyau yakan ajiye wa gwauruwa kifi ɗaya a bakin ƙofa, ba sallama, ba godiya. Tun rasuwar Lovre ban sayi kifi ba. Washegarin kafa kyamara na buɗe ƙofa na tarar da kawunan kifi da kayan ciki a kan matakala, ƙudaje sun yi musu rumfa. Na share, na watsa ruwa, na tsaya na ɗaga murya yadda za a ji har kwata: "Wanda ya kawo, Allah ya sa abin da zai ci ke nan har ya mutu!" Matansu suka daina zama kusa da ni a coci. Wani ya hau tsani ya rataya tsohon wando a kan kyamarar, na sa sandar shanya na sauke, na shanya shi a tsakiyar kwata da ƙusa don mai shi ya zo ya ɗauka in ya isa namiji. Jerko kuwa ya daina zuwa cin abincin Lahadi, ya kuma jefa wayarsa a aljihun tebur, wai ita ma munafuka ce.

Nives ma ta sha nata. Duk Asabar ɗin da ta zo da ma'auninta, sai teku ya zama ba kifi. Mutum zai sauko yana nishi da bokiti a rufe da tsumma, wutsiya tana leƙowa, ya ce mata ko ɗan tsako bai samu ba. Jerko ya taɓa ɗora mata ruɓaɓɓen takalmi a kan ma'auni ya ce ta rubuta, namiji ne, ya kai shekara biyar. Ta rubuta wani abu, ta ce na gode Barba, sannan ta hau ɗakina ta zauna, idonta ya yi ja. Na zuba mata miya na ce ta ci, waɗannan ba mutane ba ne, jakuna ne da suka iya tuƙi.

Ni dai na samu abin da nake so. Da safe in haɗa kofi, in zauna da waya, in ga rumfa ruwan ɗorawa ta fito ta kai bakin tasha. Dama. Gobe ma dama, jibi ma dama, ɓangaren Tsibirin Awaki. Kafin ƙararrawar coci ta tsakar rana kuma in ga ta dawo. A karon farko tun bayan Lovre, na riƙa cin abincin rana yana wuce mini.

Sai bakina ya ja mini. Wata rana na je sayen burodi na iske su a gaban shagon kofi, Jerko a tsakiya yana ba da labari. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya.

"Ku rufe aljihunanku, ga 'yar sandan ciki nan."

Suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Nawa suke biyan ki a kan kowane kai, Perina?"

Raina ya ɓaci. Na tsaya na ce, "Ba a biya na ko sisi, don kawunanku ba su da daraja. Kai kuma Jerko, ka sha maganinka yau? Ko shi ma ka ɓoye shi a can dama, inda kake zuwa kullum? Kullum dama, kullum dama, me aka binne maka a can?"

Dariyar ta ɗauke. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka dubi sama, amma na ga kunnuwansu sun miƙe. Jerko ya tashi, fuskarsa ta yi jawur.

"Wurin da Baba ya nuna mini, shi kike tallarsa a bakin titi?"

"Rabin teku ne dama, wawa. Wa zai gane?"

"Daga yau ba ni da yaya."

"Da ma ban ga amfanin da ka yi mini ba."

Na wuce da burodina ina huci. Washegari rumfar ta fito ta yi hagu, ta bi gaɓa har ta ɓace a bayan dogon dutsen nan da muke kira Wutsiyar Jaki. Gobe ma hagu. Ban kawo komai a raina ba, don kaka ta shigo, kuma kowa ya san a irin wannan lokaci lignya, wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa da baƙar tawada, a lungunan hagu take taruwa. Rabin kwale-kwalen garin ma hagu suka koma. Na ce a raina, ka yi fushinka ka gama, ni dai ina ganinka.

Makonni suka wuce ba mu yi magana ba. In mun haɗu a hanya ya tsallaka ɗaya gefen, ni kuma in yi tsaki yadda zai ji.

Ranar da abin ya faru rana ce mai kyau, teku a kwance, ba iska. Na gan shi ya fita, ya yi hagu kamar kullum. Ƙararrawar tsakar rana ta buga, bai shigo ba. Na ɗumama miya na kasa sha. Sauran suka riƙa shigowa ɗaya ɗaya, ba rumfa ruwan ɗorawa. Na jefa mayafi a kafaɗa na sauka kwata da gudu, ni da gwiwoyina ba sa son matakala.

"Jerko bai dawo ba!"

Suka dube ni. Wani ya ce ƙila kifi ne ya riƙe shi.

"Kifin ubanka! Mutumin da ba ya wuce ƙararrawa? Ku tashi!"

Suka tashi, ban ƙi gaskiya ba, nan take suka fara kwance igiyoyi. Sai aka tsaya cirko-cirko ana duban juna, don ba wanda ya kalli fitarsa. A nan na ji wani irin daɗi mai ɗaci. Na ɗaga wayata sama na ce, "Hagu ya yi! Da idona na gani. Yau ga ranar abin da kuka rataya wa wando." Na kira Nives a gabansu, na buɗe murya kowa ya ji. Ta duba abin da aka ɗauka tun safe ta ce haka ne, mai rumfa mai haske ya fita ya bi hagu, bai dawo ba. Ita ta kira masu ceto ta gaya musu ɓangaren da za su nufa.

Duk suka yi hagu, har da Dinko. Na lura ya ɗan tsaya da igiya a hannu yana duban ruwa kafin ya tashi injinsa, amma ban ba abin muhimmanci ba. Na tsaya a kwata, rana tana dukana, matan da suka daina gaishe ni suna tsaye nesa suna leƙe. Aka bi lungu lungu a bayan Wutsiyar Jaki, jirgin masu ceto ya iso ya shiga gaba. Duk wanda ya kira sai ya ce ba komai. Inuwar gidaje ta fara tsawo a kan kwata.

Can sai ga Dinko ya dawo shi kaɗai, wai mai ya zo ƙarawa. Yana zuba mai, rabi a tanki rabi a ruwa. Ya ƙi kallona.

"Dinko, me ka sani?"

"Ba komai."

Na sauka matakalar kwata na cafki wuyan rigarsa. "Ka dube ni, tsohon banza. Me ka sani?"

Ya yi magana ƙasa ƙasa kamar mai tsoron kifi ya ji. "Jerko ba ya cin lignya. Tun yana yaro take tayar masa da zuciya."

 Ni na san haka. Ni da na raine shi, na fi kowa sanin haka.

"Don ke yake yin hagu," in ji Dinko. "In ya sha bayan dutse sai ya yanki tsakiyar teku can nesa, inda abarki ba ta kaiwa, ya zagayo dama. Rabinmu haka muke yi yanzu, kowa da tasa hanyar."

"Ka san wurin?"

Ya sunkuya yana rufe tanki.

"Na ce ka san wurin?"

"Shekarun baya na taɓa hawa gonar zaitun ta kan tudu da madubin hangen nesa. Sau ɗaya ne, Perina."

"Tun tsakar rana ka sani, ka bar su suka yi hagu?"

"Ke kika ce hagu. Na'ura ta ce hagu. Na ce ƙila yau da gaske ne. Kuma in na buɗe baki a gaban jama'a, na ce na san poshtar abokina, da wane ido zan..."

Ban bari ya ƙarasa ba, na kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗa ruwa. Na haye kwale-kwalensa na zauna. Mace ba ta shiga kwale-kwalen kamun kifi a Garmina, amma ya ja igiyar inji.

Muka yi dama. Bai yi ko kuskuren taku ɗaya ba, wanda ya ce sau ɗaya ya leƙa. Yana tafe yana waiwaye, yana daidaita hasumiyar coci da wani tsagin dutse, har muka zagaya bayan Tsibirin Awaki. Ga rumfa ruwan ɗorawa nan a tsaye, anka a ƙasa, ruwa yana lallaɓa ta. Daga bakin tasha zuwa nan, ko kofi ba zai huce ba.

Yana kwance a ƙasan kwale-kwalen a kan gefensa, bakinsa ya karkace, rana ta ƙona masa rabin fuska. Zaren fatsa yana naɗe a hannunsa na hagu. Idonsa biyu. Na faɗa kansa ina kiran sunansa, ina kuka, ina zaginsa, ina ɗiga masa ruwa a leɓe. Bai dube ni ba. Dinko yake kallo, da ido ɗaya mai motsi, kallon da ban taɓa ganin irinsa ba. Yana ƙoƙarin magana, abin da ke fita gurnani ne kawai, amma ni da Dinko duk mun ji tambayar: ya aka yi ka san nan?

Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa babban asibiti. Likitar ta ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa, irin wanda ake narkarwa da allura in an kawo mutum da wuri. Ta tambaye ni me ya sa aka daɗe haka. 

Ya rayu. Ɓarin jikinsa na dama ya tafi, magana ta tafi, sai kalma ɗaya ta zagi da ta rage masa, ita yake amfani da ita in yana son ruwa, ita in yana jin zafi. Ba shi da kowa, don haka gidana aka kawo shi. Na sa masa kujera a ɗakin ƙasa kusa da taga, ni nake ba shi abinci a baki, ni nake wanke shi, shi kuma yana kawar da kai duk lokacin da na matso.

A gari magana ta rabu, amma mafi yawa a kaina ta sauka. Wai da ba kyamara, da bai yi wasan ɓuya ba, da ko ba a kalla ba an san ɓangarensa, don ashe munafukan suna kallo ta wutsiyar ido. Wata ta tare ni a bakin coci ta ce, "Kin ga abin da idonki ya jawo." Na ce mata, "Idona bai yi ƙarya ba, mazanku ne suka yi masa ƙarya. Mutanen da suka fi son kifi a kan ransu, su za ki je ki yi wa wa'azi." Haka nake faɗa da rana, kuma haka zan ci gaba da faɗa. Amma duk lokacin da na ɗaga cokali zuwa wannan karkataccen bakin, sai in ji muryata a gaban shagon kofi tana cewa kullum dama, kullum dama.

Nives ta zo da furanni, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Ta ce in ina so za ta cire kyamarar yau. Ta ce abin da ke ci mata rai shi ne, a lissafinsu ba inda ake rubuta hagu ko dama, fita da dawowa kawai ake ƙirgawa, duk wannan zagaye da suke yi a banza suke ƙona mai. Ta kuma cire mini abin nan daga waya, ta ce tun farko bai kamata ta sa ba. Na ce ta bar kyamarar inda take har ta gama aikinta, ba zan ba su wannan daɗin ba. Jerko ya bi ta da kalmarsa guda har ta fita.

Ba a ƙara zuba mini kayan ciki a matakala ba, ba a kuma dawo da kifin gwauruwa ba. Dinko bai tako gidan ba ko sau ɗaya. In ya zo wucewa sai ya bi ta bayan coci.

Sai wata safiya, ina goge wa Jerko baki bayan ya sha kofi, na ji an ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga Dinko da kayan kamun kifi a kafaɗa da sabuwar hula. Bai gaishe ni ba, bai dubi cikin ɗaki ba, ƙafar ƙofa yake kallo.

"Me kake nema?"

Ya yi gyaran murya. "Fita zan yi."

"To ni na riƙe ka?"

"'Ya'yana suna nesa, Perina. Ni ma likita ya ce jinina ya hau." Ya ja numfashi. "In ƙararrawa ta buga ban shigo ba, kada ki bi abin da kika gani. Ina bayan Tsibirin Awaki, inda hasumiya take haɗuwa da tsagin dutse."

Shekara da shekaru nake jiran namiji ɗaya a garin nan ya buɗe baki ya faɗi inda za shi. Ga shi yau an faɗa mini, a bakin ƙofata, ba kyamara ba waya. Har na ji idona ya kawo ruwa. Sannan maganar ta ƙarasa isa kaina.

"Wurin Jerko ke nan."

"Ba mai zuwa yanzu," in ji shi. "Kifin yana nan."

Kofi ya wuce ta gefen kunnena ya tarwatse a jikin ƙofa. Na waiwaya. Jerko ya karkato daga kujera har yana neman faɗuwa, hannunsa na hagu a miƙe, yana ta maimaita kalmarsa guda, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ya mutu. Na ruga na tare shi da kafaɗa, ya ture ni, ya sake ture ni, sannan ya damƙi rigata ya ƙi saki.

"Ɓarawo," na ce wa Dinko. "Fita mini daga gida."

"Kin dai ji wurin?"

"Na ji. Fita!"

Ya tafi. Na gyara wa Jerko zama, na share fasassun kofi. Jim kaɗan muka ji injin Dinko ya tashi. Duk mazan da ke kwata suka juya baya, mu biyu kuwa muka zuba ido ta taga. Kwale-kwalen ya kai bakin tasha, ya wuce ƙarƙashin kyamarar, ya yi hagu.

Na ɗora tukunya a wuta, na jawo kujera kusa da ƙanena, na zauna ina jiran ƙararrawa.